Na Je Kamun Tsage, Taubashina Ya Je Gaisuwa

Mun tashi daga ƙauyenmu na gefen Hajj Abdalla, a Jazira, ana idar da sallar asuba, ni da taubashina, ɗan goggona, wanda ya zo ganin gida daga ƙasar ƙanƙara. Kafin in yi nisa, ya jama'a, ku sani da yatsa guda nake danna maku wannan labari, don babban yatsana na dama yana naɗe da bandeji, kuma raina bai gama hucewa ba. Wanda ya zo neman labarin shaƙatawa ya wuce gaba, Allah ya ba shi a wani wuri.

Ga abin da ya fitar da mu. Kakarmu, tun da munka dawo daga gudun yaƙin da kowa ya sani, abinci ya fita ranta. A kawo asida ta kalla. A kawo kisira ta tsakura ta ture. A dama mata godo-godo ta kurɓa sau biyu ta ce nonon ya yi tsami. Matar da a da in ta zauna kan gadon angarib sai igiyarsa ta yi kuka, yanzu awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Likita a Madani ya duba ta ya ce babu wata cuta, ta dai ci abinci. Kamar mu ba mu san haka ba. Abu guda take ambato safe da yamma: fasik, kifin nan da ake binnewa cikin gishiri har ya nuna. Kuma ba kowane ba, sai na tsage, tsagen ma na kor ɗin garinsu, wato rafin damina da ke gangarawa cikin tafkin Rusairis, inda anka haife ta. Na gwada wayona na ɗan kasuwa, na sayo mata na Madani, na ce wani direba ne ya kawo daga can. Ba ta ma gama kwance ledar ba ta ce, "Mijin banza, wanga na Farin Nilu ne. Kai ma kyanwa." Ni ne mijin banza a wurinta tun ina rarrafe. Taubashin nawa kuwa, da ke zuwa sau ɗaya a shekaru, shi ne "angona".

To angon yana jin zancen sai ya miƙe ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, shi gwanin kifi ne. Ya ciro waya ya dinga nuna mana hotuna. Ga shi tsaye cikin rafi har ƙirji, ƙanƙara fari fat a gaɓa, yana rungume da wani kifi mai ƙyallin azurfa, tsawon hannu. Ya ce kifin a babban tafki yake zama, in lokacin ƙwai ya yi sai ya hau ƙananan rafuka, nan suke tare shi, kuma wai mai-kan-ƙarfe suke ce masa. Ya ce tsage ma halinsu guda. Na kalli hotunan nan har wuyana ya ƙage. Kifi a hannu, kifi a ruwa, kifi kusa da kumatu. Ko sau ɗaya ban ga hoton tukunya ba. Da ina da rabon hankali, nan zan tsaya in yi tambaya.

Kayansa: wani dogon bututu baƙi mai murfi, wandon roba da ke kaiwa hammata, da ƙaramin akwati cike da ƙugiyoyi da anka yi wa ado da gashin tsuntsu kamar za su biki. Kayana: rabin buhun gishiri da jarka da na yanke wa baki. Kowa da niyyarsa a kafaɗa.

Hafalar Sinnar, wato bas ɗin da za mu hau, ta cika kafin rana ta fito. Kuɗin da a da zai kai ka Bor Sudan ka dawo har da tsaraba, yau Sinnar yake sauke ka, kuma kumsari, yaron motar, yana karɓa yana hararar ka kamar kai ka ƙara kuɗin mai. Ya dubi bututun nan ya ce kujera guda zai biya. Na ce bututu ba ya da gindin zama. Ya ce to ya sauka ya bi mu a ƙasa. Taubashina ya biya yana murmushi, har da godiya. Mutumin da ke godiya in an cuce shi, shi ma alama ce da na ƙi karantawa. Hanya dai ga ta, hawasha bayan hawasha, wato gonakin ban-ruwa, dawa ta fara rufe ƙasa a inda anka samu shuka, wasu gonakin kuma ciyawa ce ke mulki don masu su ba su dawo ba tukuna. Tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin, ta cika da kainuwa har akuya na iya tsallakawa ba ta jiƙa ƙafa ba.

A shingen bincike na farko anka sauke mu duka saboda bututun. Ku da kanku ku auna: a wannan zamani, a wannan hanya, mutum ya fito da dogon baƙin bututu mai murfi yana cewa na wasa ne. Fasinjoji sunka ja baya, wata tsohuwa ta fara salati. Anka ce ya buɗe a hankali. Ya zaro sanda gaɓa-gaɓa, siririya kamar tsinken tsiren agashe, ya harhaɗa ta, ta zama doguwa har ta fi motar tsayi. Mai binciken ya ce ina ake sa tsutsa. Ya ce ba a sa tsutsa, gashin kaza ake sawa. Mai binciken ya kira abokinsa ya zo ya ji. Ƙarshe dai sai da taubashina ya tsaya tsakiyar kwalta yana kaɗa zare gaba da baya, motoci sun yi layi, kafin anka yarda cewa ba mai haɗari ba ne, abin tausayi ne kawai. Haka munka yi a kowane shinge har Damazin. Ni da ban ɗauko komai na haram ba, na sha tsayuwar rana kamar ɓarawon jaki.

A Mai Wurno na huce da agashe mai zafi, ƙuli ya ji, yaji ya ji, mai gashin yana yi mini Hausa irin ta kakanni har na ji kamar in biya sau biyu, amma na daure. Munka wuce Sinja, munka tsaya cin rana a Abu Hujar, ƙarƙashin wata rumfa da ke kallon lambunan ayaba na bakin kogi. Na ci karfasa soyayya da lemun tsami da yajin shatta. Taubashina ya ci waken ful, ya ce kifi ya ginshe shi. Mutumin da zai je kamun kifi. Na uku ke nan, in kuna tara alamomin.

Daga Wad Nayyal zuwa Damazin ramukan hanya sun yi girman da in mota ta shiga sai ka jira ka ga ko za ta fito ta ɗaya gefen. Ruwa ya kama mu, hafalar tana yoyo daidai kaina. Munka kwana wurin dangi, da safe munka tsallaka Rusairis, munka hau bokis, a-kori-kura, har inda laka ta ce halas, iyaka ke nan, daga nan sai tirelar tarakta, mu da buhunan gawayi da wata tunkiya da ta ƙi jinina. Baƙar lakar can ba ta san wasa ba. Ka taka sau uku, takalminka ya yi nauyin da za a auna shi a sayar.

Garin su Kaka na asali yana ƙarƙashin tafki tun da anka ƙara wa madatsar tsawo. Mutanen sun koma kan tudu, gidaje a jere kamar haƙoran mataji. Munka sauka gidan ƙanenta, tsoho mai ido guda da dariyar mutum goma, shi ke faɗa a ji a zancen ruwa a garin. Bayan jabanar gahawa ta zaga na faɗi abin da ya kawo mu. Da ya ji yayarsa ba ta cin abinci, sai ya nuna mini rumfa da haɓa. Taruna ne rataye, busassu.

"Jikana, kun zo tsage shina hawa da ƙwai. Ba a jefa taru cikin kor sai ruwa ya juya baya."

Na ce to a sayar mana da fasik na bara.

"Na bara? Baƙin gudu sun cinye shi har gishirin. Ƙugiya dai ba a hana ba. Wanda ya iya, ga ruwa."

Na dubi taubashina kamar yadda ake duban likita. A zuciyata na ce Allah ya yafe mini duk tsiyar da na yi wa bututun nan.

Ya buɗe akwatinsa ya duba ruwan ya ce kayan adon nasa na ruwa garau ne, wannan ja ne, yana bukatar dogon gashi fari da ja. Duk munka juya a tare, don a tsakar gidan akwai zakara fari mai jan wuya, yana taƙama kamar shi ya gina gidan. Na matar tsohon ne. Wa anka aika? Mijin banza. Na bi zakaran nan bayan rumbu, na bi shi cikin kuɓewa, na faɗi a laka, na kama shi na fige masa wutsiya. Ina miƙewa sai ga mai shi tsaye da muciya. Abin da ta faɗa mini rabi da Hausa rabi da Larabci ba zai rubutu a nan ba, akwai yara a cikinku. Ta ambaci kakannina na Jazira ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa gwanin yana zaune a inuwa yana ɗaure gashin a ƙugiya da zare, ya ƙara ƙyallin takardar biskit, ya sa 'yar wayar ƙarfe a gaba saboda haƙoran tsage. Gaskiya abin ya fito kamar ɗan kifi, ba zan ci amanarsa ba. Sai ya ɗauko filaya ya matse ɗan kunnen ƙugiyar nan da ke hana kifi zamewa, ya mai da shi sumul. Na ce mi kake yi haka. Ya ce don kada a ji ciwo. Wallahi na zaci ni yake tausayi, kada ta kama ni a kunne.

Kor ɗin, in ba don baƙin cikin da na ƙunsa a bakinsa ba, wuri ne mai kyau. Yana saukowa tsakanin duwatsu da giginya, ruwan ja-ja a tsakiya, garau a gefe inda yashi yake. Can ƙasa inda ya haɗu da tafki, kawunan matattun itatuwa na tsohon gari sun leƙo, tsuntsaye farare a kansu. Taubashina ya zura wandon robarsa cikin zafin nan da ke dafa ƙwai a aljihu, ya shiga ruwa har cinya, ya fara kaɗa sanda. Gaba, baya, gaba, baya, kamar mai dukan jakin da shi kaɗai ke gani. Mata masu wanki sunka bar wanki. Maza sunka zauna a gaɓa suna ba shi shawarar da bai nema ba. Wani ya ce a kai shi wurin malam.

Sai ruwa ya fashe. Tsage ya yi sama gaba ɗayansa, azurfa da jan wutsiya, ya girgiza kai ya koma, sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye, zare yana kuka. Masu cewa a kai shi wurin malam sunka miƙe tsaye. Ni kuwa na riga na kwance bakin buhun gishiri, ina jin ƙamshin dakwar gyaɗa da albasa a hancina, ina ganin Kaka tana lashe yatsa. Ya jawo shi a hankali har gabansa. Kifi ne da zai cika jarkata shi kaɗai. Ya jiƙa hannu, ya tallafe shi kamar jariri, ya zare ƙugiyar, ya ce in ɗauke su hoto. Na ɗauka. Ya sunkuya, ya riƙe shi cikin ruwa yana shafa masa ciki. Na zaci wanke shi yake yi. Sai ya buɗe hannu.

Jama'a, na ga abubuwa a duniya. Na ga mutum ya sayar da jaki ya sayi kaya wa jakin. Amma ban taɓa ganin wanda ya ƙetaro teku, ya biya wa bututu kujera, ya sa anka zagi kakannina kan zakara, ya kama abin da anka aiko shi nema, ya gaishe shi ya sallame shi ba. Wata mai wanki ta ce, "Ya san shi ne?"

Na ce, "Ɗan goggo, zamewa ya yi ko?"

Ya ce, "Mace ce, cikinta cike da ƙwai. Ka yi haƙuri, wani na zuwa."

Na dubi tsohon. Ya ce gaskiya ne, mai ƙwai ko ubansu ba ya ɗauka. To, na haɗiye. Wani kifin ya zo, taubashina ya ce wannan yaro ne, bai isa ba. Wani ya zo, ya ce irin wannan babba shi ne iri, ba a taɓa shi. Na gaba kuwa wai ya yi faɗa da kyau, ya cancanci ya koma. Na daina ƙirgawa don kada hawan jini ya kama ni a garin mutane. Duk wanda ya kama, hoto, shafa, sallama, kamar ofishin fasfo. Tsohon yana kwance kan yashi yana dariya har hawaye na fita daga idon da ba ya gani. Ya ce, "Ya zol, wancan na bayan nan namiji ne, na gani da idona guda." Na ce to ka yi masa magana mana. Ya ce shi taru ya hana, bai hana hauka ba.

Na ce ba zan zauna ba. Na ari ƙugiya irin ta mutane, na haƙo tsutsa, na koma gefe. Tsage bai ko dube ni ba. Abin da na samu kurungu ne guda, ɗan mitsitsi, ya yi mini gurnani ya soke ni da ƙaya. Ko shi na so in sa a gishiri don haushi, na tuna hancin Kaka na fasa.

Da yamma na lallaɓa taubashina da hankali. Ya ce shi fa shekara da shekaru bai kashe kifi ba, can haka suke yi, kifin da ka saki yau shi ɗanka zai kama gobe. Ya ce ya zaci za mu saya wurin masunta, shi ya yi wasansa a gefe. Ya ce a Damazin ma akwai fasik, mu saya mu ce na kor ne. Na ce wannan hanyar na riga ka bin ta, kyanwarmu ce shaida.

Washegari hadari ya taso daga gabas tun da hantsi, baƙi ƙirin. Tsohon ya ce in wannan ya sauka, kor zai zo da laka da itace, ba mai kama komai, kuma hanyar tarakta za ta rufe sai yadda Allah ya yi. Mai taraktar ya ce shi bayan azahar zai tafi, da mu ko ba mu. Taubashina ya shiga ruwa. Bai daɗe ba ya kama wani, matsakaici, namiji, ko ni na gane. Na ga ya fara jiƙa hannu.

Ban san lokacin da na shiga ruwan da jallabiyata ba. Ban yi ihu ba, don abin ya wuce ihu. Na ce masa, "Ranar da munka fita daga gari, ni na ɗauki tsohuwar nan a bayana har inda munka samu keken jaki. A lokacin nauyinta ya kusa karya ni. Shekaranjiya da zan fito na ɗaga ta in gyara mata shimfiɗa, da hannu guda na ɗaga ta. Kai kana can kana shafa cikin kifi, ban ce maka komai ba, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Amma Kaka ba ta cin hoto. In ka saki wannan, kai za ka shiga ɗakin ka gaya mata, ni a waje zan tsaya."

Ya tsaya riƙe da kifin cikin ruwa, iska ta fara kaɗa giginya. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Zo ka karɓa. Ni hannuna ba zai iya ba."

Na zo na karɓa. Ni ɗan tur'a ne, karfasa na sani da tarwaɗa, kuma yadda muke riƙe kifi shi ne ka zura babban yatsa a baki ka matse. Ba wanda ya ce mini kada in yi, sai bayan na yi kowa ya ce ai ba a yi. Haƙoran tsage kamar ƙusoshi suke, na sama na shiga tsakanin na ƙasa. Duk kifayen da anka shafa wa ciki anka sallama lafiya, ba wanda ya ciji mai shafar. Ni da na zo da gaskiyata, ni anka ciza har ƙashi. Amma ban sake shi ba. Na rungume shi a ƙirji da jini da komai, na fito gaɓa na kwanta a kansa sai da ya daina motsi. Ɗigon farko na ruwan sama a ƙeyata ya sauka.

Matar tsohon, mai zakara, ita ta karɓi aikin. Ta ture hannuna daga gishirin ta ce wanda bai iya riƙe kifi ba ba zai iya gyara shi ba. Ta gyara shi, ta cusa gishiri ciki da waje, ta shimfiɗa shi a jarka, sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar kwalba, ragowar ruwan fasik na gidan, ta tsiyaya a kai. Ta ce, "Ka ce ma yaya wanga daga hannuna ne. Kuma ka ce mata jikanta ɓarawon wutsiya ne." Ta ɗaure mini yatsa da tsumma, ta ja ƙullin da ƙarfin da ya fi na jinya. Zakaran yana gefe yana kallo, gindi a waje.

Dawowa ta fi zuwa sauri, kuma jarkata ce dalili. Tun daga Damazin ruwan kwalbar nan ya fara wa'azi. Kumsari ya so ya ce jarka ta biya kujera, ya matso, ya ja baya, ya bar maganar. Fasinjoji sunka bar mini layin baya ni kaɗai, na miƙe ƙafa kamar mai motar. A kowane shinge, mai bincike zai leƙo da kai, ya shaƙa, ya ce ku wuce. Ko bututun ba a sake tambaya ba. Taubashina ya yi tafiyar nan kansa a waje ta taga har Sinnar. A can ya saya mini bandeji da maganin ciwo, ya sa mini da hannunsa. Na bar shi ya yi, amma ban yi godiya ba, kada ya saba.

A gida sai da munka jira kifin ya nuna, Kaka tana aiko tambaya kullum, wanda shi ma ci gaba ne, don da ko tambaya ba ta yi. Ranar da anka buɗe, goggona ta dafa shi da albasa da tumatir da dakwa, anka kawo da kisira mai zafi. Duk gidan munka tsaya a bakin ƙofa kamar masu jiran sakamako. Ta shinshina. Ta daɗe tana shinshinawa. Ta ce, "Wagga matar har yanzu hannunta na da nauyi a gishiri." Sai ta sa hannu. Ta ci, ta tsotse ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta side kwano da guntun kisira, goggona ta juya baya tana share ido da gefen tobinta. Kaka ta ɗago ta ce wa ya kamo. Anka ce angonta. Ta sa masa albarka tun daga kansa har jikokin da bai haifa ba. Na miƙa yatsana gaba don a gani. Ta ce kifin ya yi kuskure, da leɓena ya kama da gari ya huta.

Sannan ta miƙa kwanon ta ce, "Ina sauran?"

Ya jama'a, ban taɓa jin daɗin tambaya irin wannan ba. Na karɓi wayar angon, na buɗe hotuna, na zauna kusa da ita ina turawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan an sake shi. Wannan ma. Wannan wai ya yi faɗa da kyau. Ta kalla har ƙarshe, ta ce angon ya matso ta gaya masa wata magana. Ya matso da murmushinsa. Ta kama kunnen nan ta murɗa da ƙarfin da ban san ya dawo mata ba.

"Mai ƙwai na yarda, haka ubana ke yi. Sauran fa? Surukanka ne?"

Tun ranar tana cin abinci. Da safe ta nemi asida da ragowar miyar, jiya har faɗa ta yi wai an rage mata nono a godo-godo. Sandar kuwa ta ƙwace. Tana jingine a gefen angarib ɗinta, da ita take korar kaji daga nesa ba sai ta tashi ba, ta ce ba ta taɓa samun mai tsawo da sauƙin hannu irinta ba. Ta ce zai karɓi abinsa ranar da ya cika mata jarka, in ruwa ya juya baya. Mutumin da jirginsa ke jiransa, yanzu yana zaune a tsakar gida yana kallon sandar da ta fi kuɗin hawashata tana bin kaji.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Kada ka zura yatsa a bakin da ba ka leƙa ba. Kada ka fige zakaran da ba ka san mai shi ba. Kuma duk wanda ya ce maka shi gwanin kifi ne, kafin ka ɗauki gishiri ka bi shi, ka ce ya nuna maka hoton tukunya.